Ranar da Kunne Ya Ƙona Tokar Motar Surukinsa

Ɗan kawuna bakanike ne, shekara ashirin da biyu ke nan yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Kunne muke ce masa, domin mota tana tahowa daga ƙarshen titi zai karkata kai ya faɗi abin da ke damunta. Na taɓa rantsewa a wajen wani bikin suna, na ce yana jin tarin mota tun tana hannun masu ƙera ta. Bai yi dariya ba. Shi dama dariyarsa sau biyu ce a shekara.

Aji uku ya yi a makaranta ya gudu gareji. Ni na kai aji bakwai, saboda haka a danginmu ni ne mai Turanci, ko da yake rabinsa a jikin kwalayen magani na tsince shi.

Mutum ɗaya ne Kunne bai taɓa burgewa ba, wato surukinsa. Tsohon direban manyan motoci ne, yanzu yana rarraba ƙwai a shaguna da wata farar mota mai shan dizal. Shekara tara da auren 'yarsa, ko iskar taya bai taɓa bari Kunne ya duba masa ba. Sai ya wuce garejinsa ya kai wa wasu.

Wata Asabar sai ga saƙo: Baba, wato surukin nasa, na kira. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, ƙarfinta ya mutu, ko keke sai ya wuce ta. Kunne ya yi wanka har sau biyu, ya ɗauko sabuwar kwamfutar gwajin mota da ya sayo, ya biyo ta gidanmu.

"Taso ka karanta min Turancinta," ya ce. "Amma don Allah ka bar bakinka a gida."

"Yaya, in na bar shi da me zan karanta?"

A hanya ya yi min bayani. Irin waɗannan motoci suna da matata a cikin salansa mai tare baƙar tokar hayaƙi. Idan mota tana doguwar tafiya, zafi yana ƙone tokar da kansa. Ita kuwa ta Baba daga wannan shago sai wancan, ba ta taɓa yin zafi sosai ba, har matatar ta toshe. Da kwamfuta ake umartar injin ya ƙona tokar a tsaye.

Mun tarar da motar a rumfar gidan, ta juya baya ga bango, salansarta kamar taku ɗaya daga babban tankin ruwa na roba. Baba yana kan kujera ya harɗe hannu. Matar Kunne da mahaifiyarta suna leƙe ta taga.

Kunne ya durƙusa ya gaishe shi, ya duba mai da ruwa, ya bar injin ya ɗumama, sannan ya soka wayar kwamfutar ƙarƙashin sitiyari. Sai wani dogon rubutu ya cika gilashin, da jan zane a samansa. Ya miƙo min a ɓoye.

Wallahi kalma huɗu na gane. Amma Baba yana kallona, matan suna kallona. Na gyara murya.

"Gaisuwa ce kawai. Ta ce a danna nan."

Ya danna. Injin ya ɗauki kuka shi kaɗai ba wanda ya taka shi, rumfar tana rawa, kajin maƙwabta suka yi hijira. Baba ya gyara zama, har ya ɗan gyaɗa kai. Na ga Kunne ya ƙara tsawo da kamu guda.

Bayan kamar minti goma sha biyar Kunne ya ɗaga hanci. Wari ne irin na bokitin da aka manta kusa da murhu. Kafin ya zagaya baya, cikin tankin ya lotsa kamar kitse a wuta, ya ɓule. Ruwan da gidan zai sha mako guda ya kwararo. Ni dai na ce ya kai gwiwa, matar Kunne ta ce idon sawu ne. Takalmin Baba ɗaya ya bi ruwa ya fita ta ƙofar gida.

Kunne ya kashe motar. Ruwa yana ta kwarara. Ya tsaya a jiƙe, kansa a ƙasa, kunnuwansa kamar za su zubo.

"Aikin ke nan?" in ji Baba, a hankali.

"Laifina ne, Baba."

Ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Matarsa ta fito ta karɓi kwamfutar, ta karanta da ƙarfi tana fassarawa: a fitar da mota fili, kada a bar komai kusa da salansa, zafin yana iya tayar da gobara. Kowace kalma kamar ana zare min tufafi a kasuwa.

"Baba," na ce, muryata kamar ta ɗan akuya, "ni na ce masa gaisuwa ce. Ban iya karantawa ba."

"Na sani. Tun da ka gyara murya na sani." Ya juya ga Kunne. "Kai kuma matarka tana da karatu, ka je ka ɗauko wannan?"

"Kunya na ji a ce a gabanka matata ke karanta min," in ji Kunne. "Kuma na san salansa na zafi, Baba. Tankin ma na gan shi. Hankalina ne yana kan fuskarka."

Baba ya kalli ƙafarsa marar takalmi.

"Ku fitar da ita fili," ya ce.

Muka tura ta filin bayan gida, ni a baya inda ya fi nauyi. Matar tana karantawa, Kunne yana dannawa, ni an ba ni tsintsiya in kore ruwa daga rumfa. Daga can nake jin injin yana kuka kusan minti arba'in, sannan ya sauke murya da kansa. Fitilar ta mutu.

Baba ya zagaya unguwa da motar ya dawo. Bai yi yabo ba, bai sauko ba. Ta taga ya ce:

"Birkin baya yana ƙara. Ran Litinin zan kawo ta garejinka. Kai kaɗai."