Mai Hatimi da Sanarwar Rusau

An daɗe ana cewa marigayi Mai Hatimi da gangan ya buga hatimin ƙaramar hukuma a juye, domin ya ceci gidajen bakin rafi. Magana idan ta cika daɗi ta cancanci bincike, shi ya sa aka bi takardu, aka kuma tambayi waɗanda suka rage.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a wannan gari a shekarar 1938. Mahaifinsa maɗinki ne, mahaifiyarsa masaƙiya. Ya kammala firamare a 1952, malamansa suka shaide shi da kyawun rubutu da ƙarancin magana.

Aiki da Iyali

A 1957 aka ɗauke shi akawu, aikinsa kwafe sanarwa da liƙa ta a allon ƙofar ofis. A 1969 aka damƙa masa hatimi, mai mariƙin katako da hoton bishiya a tsakiya, kuma tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a. Ƙa'idar ofishin ita ce, duk sanarwar da hatiminta ya fito a juye ta ɓaci, sai majalisa ta sake zama a kanta. Shekara goma sha takwas bai taɓa kuskurewa ba.

Ya auri 'yar wani maƙeri a 1963, suka haifi 'ya'ya bakwai. Ita ce kan ce masa, "Malam, ko gaisuwa ce ba ka amsawa sai ka duba kwanan wata."

Shekarar Rusau

A watan Maris na 1987 majalisa ta zartar da rushe gidaje arba'in da ɗaya na bakin rafi. Mai Hatimi ya buga wa sanarwar hatimi, aka liƙa, washegari aka ga bishiya kai ƙasa, saiwa sama. Kafin a sake zama wa'adin majalisar ya cika, waɗanda suka gaje ta kuwa ba su waiwayi batun ba. Gidajen suna nan har yau.

Shugaban majalisa ya kira shi ya ce, "Malam, tsufa ne ko taurin kai?" Ya amsa, "Ranka ya daɗe, abin da ke kan takarda ke nan." Aka karɓe hatimin, aka mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, inda ya cika shekara shida da suka rage masa.

Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 1993. Mutanen bakin rafi ba su daina zuwa gaishe shi ba, shi kuma bai taɓa karɓar yabon ba, bai kuma taɓa musanta shi ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Yuni, 2009, aka binne shi bayan la'asar a maƙabartar gabas. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: malamar makaranta, direba, ungozoma, tela, da auta mai gyaran rediyo.

Abin da Bincike Ya Nuna

Babbar 'yarsa, malamar, ta fito da katin asibiti na 1985 mai nuna cewa yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ta fara kama ɗayan. Ta ce, "Baba ya ɓoye ne, don da an sani da an sallame shi, ƙannena kuwa duk suna makaranta. Gara a ce masa mai taurin kai da a ce makaho." Ta ce ya yi wa mariƙin hatimin 'yar tsaga da reza, ita yake lalubawa da babban yatsa ya gane sama. Kafintan ofis, wanda yake raye, ya ce mariƙin ya karye a makon da aka buga sanarwar, shi ya sassaƙa sabo, sumul babu tsaga, bai sanar da kowa ba.

Mai Hatimi bai juya hatimin da gangan ba. Bai gani ba ne.