Ciyawar da Malam Bai Gani Ba

A lokacin na ɗan haura shekara talatin, ina aiki a wani filin golf a Dubai, ina koya wa 'ya'yan masu hali riƙon sanda, ina kwana a unguwar Al Qusais ɗaki ɗaya da 'yan Ghana uku. Kaina yana rawa, gani nake babu wanda ya kai ni iya tsara abu. Wanda ya koya min wasan wani dattijo ne a Kano, Malam muke ce masa. Yana cikin mutanen farko da suka koyar da ƙwallon ƙafa a wata kwalejin horon malamai, da gwiwa ta hana shi gudu sai ya koma koyar da golf. Filinmu na gida Kano babu ciyawa a bakin rami, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, sai an share kafin a buga. A kan wannan yashin Malam ya tsufa. Koren fili kuwa sai dai ya gani a talabijin.

Kwatsam sai ɗansa, mai harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira, ya kawo shi Dubai aikin ido. Na dama ya riga ya tafi, na hagu yana gani dishi-dishi. Da na je gaishe shi a masaukinsa a unguwar Abu Hail, ko zama ban gama yi ba ya ce in kai shi filin da nake aiki gobe, ya buga ƙwallo ɗaya a kan ciyawa, ya ga gudunta da idonsa. Ni da iyayina na ce ya bari a yi aikin tukuna, ido ya washe, ya ga filin tar yadda ya cancanta. Ya ce ɗan abin da yake gani ya ishe shi. Na yi dariya, har da tsokanarsa wai tsoho da gaggawa kamar ango. Bai sake tayar da zancen ba.

Aikin bai yi kyau ba. Da aka cire bandeji, ɗan hasken da ya rage ma ya ɗauke. Sai daga baya ɗansa ya gaya min likita ya gargaɗe su tun farko cewa hakan na iya faruwa. Ashe Malam ya sani, kunyar matsa min ce ta sa ya yi shiru. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk da haka na kai shi, ina riƙe da hannunsa. Ya cire takalmi, ya durƙusa yana shafa ciyawar da tafin hannu. Na ba shi sanda, ya buga da ƙarfin da ya saba a kan yashi, ƙwallon ta wuce rami can nesa. Na buɗe baki zan ce ta shiga, ya riga ni, ya ce kada in wahalar da kaina, bai ji ƙarar faɗawarta ba. Sannan ya tambaye ni a hankali ko korenta irin na alayyahu ne, ko ya fi haske. Kuka ya ƙwace min. Bai daɗe da komawa Kano ba Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina aiki a filin, kullum ina taka ciyawar nan, kullum zuciyata sai ta yi ƙuna. Na fahimci babba bai cika faɗin dalilin gaggawarsa. 'Yan uwa, idan dattijo ya roƙe ku abin da yake hannunku, ku yi masa a ranar, ko da bai kai yadda kuke so ba. Ni na so Malam ya ga filin da kyau, shi ya sa bai gan shi ba sam.