Hular Janar da Gwiwata

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Ista, ina 'yar shekara tara, malamarmu ta jera mu gaban wani ƙaton zane a zauren makarantarmu ta Woolwich, can Ingila. Hoton wani janar ne na Ingila tun na zamanin takobi da bindigar toka, da jar riga da gashin aro har kafaɗa, ya murtuke fuska kamar an ci masa tuwo. A gefen ƙafarsa ga wani baƙin yaro a durƙushe, yana miƙa masa hular ƙarfe. Malama ta ce za mu yi wasan kwaikwayon rayuwar janar, sannan ta dube ni ta yi murmushi. Ni kaɗai ce baƙa a ajin.

Tun daga ranar na tsani mutumin nan, kuma har gobe ban huce ba. Mako shida ana ɗura mana labarinsa: yadda ya fara da riƙe tuta yana saurayi, aka saya masa muƙami, ya yi ta kewaye garuruwan bayin Allah da igwa har yunwa ta sa su buɗe ƙofa. Ina wanke-wanke ina bitar yaƙoƙinsa, ina bin Mama kasuwa da ledar doya ina bitarsu. Yaron kuwa ko suna ba a ba shi ba.

A gidanmu, can hawa na bakwai, kullum safe sai na durƙusa na gaida Baba kafin ya fita tuƙin bas. Kunya ta hana ni gaya masa matsayin yaron nan mai durƙuso aka ba ni a wasan, na ce babban matsayi ne. Ranar wasan bawan Allah ya roƙi hutun yini guda, ya sha babbar rigarsa, ya zauna a sahun gaba.

Da ɗan ajinmu mai rigar janar ya miƙo hannu, sai muka haɗa ido da Baba. Gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa. Malama tana ta raɗa daga bayan labule, ni kuwa na dire hular a ƙasa na tsaya ƙyam. Dole janar ya sunkuya da kansa, gashin aron ya faɗo, zauren ya kece da dariya. Mako guda aka hana ni fita wasa, ban ji zafinsa ko kaɗan ba.

Da muka koma gida, Baba ya dube ni a ƙofar lif ɗin da ke hawa da mu sama. Ya ce, "Da kin yi kneeling, kin durƙusa masa, da na yi miki uzuri, ke yarinya ce. Amma na gode, uwata."

Yanzu an sauke zanen, 'yata kuma daga tsaye take jefo min gaisuwa da Turanci, tana latsa waya. Ba na tsawata mata. Tun da muka binne Baba, ban sake samun wanda zan durƙusa wa ba.