Baffa Ilu da Hannun Jarin Rikici

Duk wanda ya san Baffa Ilu, yayan mahaifina, ya san rediyonsa, wadda aka ɗaure da roba tana rataye a jikin ɗorawar gonarsa. Jama'a suna noma suna duban gabas ko hadari zai taso, shi kuwa yana noma yana kasa kunne ko wata ƙasa ta harbi wata. Da ya ji an ce ana zaman ɗar-ɗar, sai ya yar da fartanya ya nufo gidana, ko ƙafa bai wanke ba.

Ni ce malamar firamare a dangi, don haka ni aka ɗora wa wahalar danna masa waya ya sayi hannun jari. Iliminsa ƙwaya ɗaya ne tal: in duniya ta rikice mai zai yi tsada, kuma kowa sai ya kira nasa ya ji ko yana da rai. Saboda haka kamfanin waya da na mai kaɗai yake saye. Gyaɗarsa can ta tafi, tumakinsa ma haka.

Wata rana ya je har gindin ƙarfen sabis ɗin nan na hanyar Rimin Gado, ya yi wa mai gadi sallama, wai ya zo duba dukiyarsa. Har da faɗa a kan ciyawar da ba a nome ba! Mai gadi ya tambaye shi wane ɓangare ne nasa.

"Ba a yi rabo ba tukuna," in ji Baffa, "amma ka riƙa kula min da ƙusoshin ƙasa."

In ya ga mutum ya kashe waya da wuri, sai ya hau shi da wa'azin zumunci, wai ko lafiyar awaki ba a tambaya ba. Shi fa? Filashin! Sau ɗaya tak, ya jira ka kira. Da na yi masa magana, cewa ya yi shi mai kamfani ne, ba mai saye ba. Lokacin da fetur ya yi tashin nan kuwa, daga Bacirawa ya turo babur ɗinsa har gida, gumi sharkaf, yana murmushi. Wai riba yake tarawa.

Dariyar ta ƙare min a shekarar da taki ya gagari kowa. Ya shigo da saurinsa, wai an fara yaƙi a wata ƙasa, in ƙaro masa hannun jarin mai. Raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, ba ka jin kunya? Kuɗin gawarwaki kake ci."

Ya dube ni ya ce, "To, Malama, na ji." Ya karɓi wayarsa ya fita. Daga ranar birni yake zuwa a danna masa, ni da shi sai gaisuwa a tsaye. Ni kuma na riƙe gaskiyata gam, ina jin kaina wata waliyyiya.

Ya rasu bayan kaka. Kwana tara da rasuwarsa, famfon burtsatsen garinmu ya ƙafe. Muka ɗebi bokitai muka je wurin Malam Audu mai kula da injin, muna ta zagin hukuma. Ya bari muka gaji, sannan ya tambaye mu wace hukumar. Ashe shekara da shekaru Baffa ne ke zuba wa injin mai. Duk ribar da ta fito nan yake kawo ta, ya kuma sa shi rantsuwa kada ya faɗa.

Malam Audu ya dube ni ya ce, "Cewa yake, abin da aka samu a kan kukan wasu ba zai shiga tukunyarsa ba, sai dai ya koma ruwa."

Na tsaya da bokitina fayau, kunya ta rufe ni. Bakin da na gaya masa maganar nan da shi, da ruwansa nake kurkure shi kullum a alwala.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Ni kuma Allah ya yafe min, tunda shi ban samu na roƙe shi ba.