Ƙurjin kunnena da man zogalen Yaya Rakiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa aure na yi a ɓoye, a'a, jinya na yi.

Ni zabiya ce, a gonakin rani na Jiratawa na tashi, cikin tattasai da zogale. Da ina shafa man kare fata daga rana, irin wanda ake shigowa da shi. Da aka rufe iyaka sai ya ɓace a Maraɗi, na ci gaba da zuwa gona haka nan.

Sai wani ɗan ƙurji ya fito mini a saman kunne. Ya bushe, ya ɓare, ya sake jini. Wata huɗu muna haka.

Yaya Rakiya, ɗiyar gwaggona mai aikin haɗa magani a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ita ta gan shi wajen wani suna a Tibiri. Ta ajiye kwanon tuwonta.

"Ke! Tun yaushe wanga abu? Gobe da sahe likita za mu."

Aka yanki ɗan nama aka aika Yamai. Sati uku muna jiran sakamakon gwaji.

Kansar fata ce.

Na fashe da kuka. Dokta ya bari na gama, sannan ya ce, "Kin zo da wuri. Cirewa za mu yi."

Aka yi aiki, aka yanke gefen kunnen. Da na farka, Inna ta leƙa bandejin ta ce, "Dama ba ki jin magana da shi." Na yi dariya har nas ta tsawata mana.

A gidan Yaya na zauna, a unguwar Zariya nan Maraɗi. Bayan kowane kwana biyu kabu-kabu ya kai ni wankin ciwo, ina riƙe da malafa kada iska ta ɗauke.

Nan na ga abin da take yi: man kare fata daga rana suke ƙoƙarin haɗawa. Ita da abokan aikinta suna tatso sinadarin ganyen zogale, su rufe shi cikin ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, don kada zafi ya lalata shi, sannan su gauraya da man kaɗe. Haɗin farko kore shar ya fito. Na shinshina na ce, "Yaya, ƙuli-ƙuli kawai ya rage!"

Na roƙi in shafa, ta hana. "Ba a gama gwaji ba. Ke dai kawo mana ganye."

Jiya dokta ya duba ni, babu komai. Alhamdu lillahi!

Inna, Yaya, ma'aikatan likita, da ku masu addu'a, Allah Ya saka da alheri.

'Yan uwana zabiyoyi, malafa da riga mai dogon hannu ba ƙauyanci ba ne. Ku shafa man da aka tabbatar. Ƙurjin da ya yi wata bai warke ba, ku kai shi likita.

Gobe zan koma gona. Kafin rana ta ɗaga na cika buhun Yaya da zogale na dawo inuwa.