Farin Daron Inna

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi Inna ta sayi farin daro a kasuwar Yelwa. Kafin nan kowa a ƙauyenmu na bakin tafki a baƙar tukunya yake zuba tarwaɗa da ruwa ya kai ta kasuwa da ranta. Inna ta ce ita ta gaji da tukunya, kifin mijinta ya fi ƙarfin baƙin abu.

Baba masunci ne, kuma ba shi da dukiyar da ta wuce sunansa. Lokacin ana ta kuka da masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, har yara sun kwanta ciwo a wani gida. Baba na cikin masu zaginsu a fili.

Ranar kasuwa muka zuba tarwaɗa baƙa wuluk a sabon daro, muka shiga jirgi. Kafin mu kai Yelwa ta koma fari-fari kamar an wanke ta da toka. Wata mai saye ta leƙa ta ja baya.

"Wanga kifi guba anka ba shi!" in ji ta.

Shi ke nan. Kifin na motsi, yana bugun ruwa, amma ba wanda ya duba wannan. Kafin mu koma gida magana ta riga mu. Dattawan masunta suka karɓe komar Baba, suka hana shi shiga ruwa. Mutanen da ya koya wa ɗinkin koma, su ne suka fi kowa ɗaga murya. Ya rantse har da Alƙur'ani, aka ce ai mai zagin ɓarawo shi ne babban ɓarawo. Ya koma noman shinkafa wajen Shanga, aikin da bai iya ba, can ya rasu ana kiransa mai guba. Har yau ban yafe musu ba.

Na girma na tafi karatu Sakkwato. Wata rana malamin kimiyya ya sa mu duba fatar kifi a madubin ƙara girma. Ya ce baƙin nan ƙananan ƙunshi ne a cikin ƙwayoyin fata, kuma akwai wasu sinadarai da ake kira furotin da ke dakonsu bisa siraran zare, kamar 'yan dakon kasuwa. In kifi ya ga wuri baƙi, sai su baza kayan ko'ina, ya yi baƙi. In ya ga fari, sai su tattara su tsakiya, ya yi haske. Ɓuya yake yi kawai, lafiyarsa ƙalau. Nan take na tuna farin daron Inna.

Da hutu ko jaka ban ajiye ba na zauna gaban Inna ina zuba bayani, ina murna na wanke Baba. Na ce gobe zan tara dattawan nan in nuna musu su gani da idonsu. Tana tsince shinkafa, sai hannunta ya tsaya.

"Ke nan ba ruwa ba ne, ba mutane ba ne," ta ce. "Ni nij jawo mishi."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Ban tara kowa ba.