Fulas ɗin Baba da Alƙalan Ingila

Asuba na yi Baba ya tashe mu kamar Kano za mu, alhali fim ɗin da zai kai mu kallo sai ƙarfe goma sha ɗaya. Shi direban tasi ne a filin jirgin sama na JFK, ya tsani makara. Mu uku muka fito daga unguwarmu Parkchester: ni, shi, da ƙanwata mai kumburin baki. Kwana huɗu ke nan da aka yanke mata hukunci kan fasa fulas ɗin shayin Baba: ba za ta buga wasan ƙwallon kwandon makarantarsu ba ranar Lahadi. Ta rantse ba ita ba ce. Ni shaida ne, don ni na fasa.

Jirgin ƙasa mai lamba shida ya kwashe mu zuwa Manhattan. Muka isa gidan sinima ko mai shara bai zo ba, muka zagaya unguwar har ƙafata ta fara neman lauya. Gugguru kuwa, da Baba ya ji kuɗinsa sai ya yi salati. Ƙosan da Mama ta ɗaure mana muka shiga da shi a ɓoye, ƙamshinsa ya sa tsofaffin Turawa waige-waige.

Fim ɗin tsohon na Ingila ne, baƙi da fari. Na shirya barci. Ina! Alƙali ya fito da farin gashin aro kamar an ɗora masa tunkiya, lauyoyi suna yanka juna cikin ladabi, ba ihu, ba duka. Wani gida ne aka yi wa ɗansu ƙazafi, suka tsaya masa har ƙarshe. Lauya ya juyo da tambaya, wallahi ni yake kallo. Na waiga, ƙanwata tana share hawaye da gefen mayafi.

A jirgin dawowa Baba sai yabo yake: "Kun ga inda ake sauraron mutum kafin a hukunta shi?"

"Ni an saurare ni?" in ji ƙanwata.

Na miƙe, na riƙe ƙarfen jirgi kamar mai ba da shaida.

"Ranka ya daɗe, ni ne."

"Kai ne me?"

"Fulas. Ƙwallo nake bugawa a falo."

"Yaya, Allah ya isa!" ta ce, har wata mata ta canza kujera.

Da muka sauka Baba ya dafa kanta ya ce, "Uwata, ki yafe mini." Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Mun koma gida da la'asar. Abin da na koyo: fim mai kyau yana da hatsari ga mai laifi. Ranar Lahadi ta buga wasanta, Baba yana sahun gaba yana tafi. Ni ma na je, amma a waje na tsaya, ina wanke tasin Baba, hukuncina ke nan.